Waya a Hannu, Biro a Aljihu: Yadda Ake Haɗa Hoto da Rubutu da Ƙirƙira

Wayar kusan kowa a yau cike take da hotuna: na biki, na suna, na hawan sallah, na abincin da aka ci a gidan wani. A ɗauka, a ɗora a WhatsApp, bayan awa 24 ya sauka, shi ke nan an wuce wurin. In ma an yi rubutu a ƙarƙashin hoton, yawanci abin da ido ya riga ya gani ake maimaitawa. Hoton faɗuwar rana daga saman Dala, sai a rubuta "Faɗuwar rana a Dala, masha Allah." Kamar dillalin da ya riƙo akuya yana rantse maka cewa akuya ce.

Wannan jagora ta mai son wuce nan ce. Ba sana'ar ɗaukar hoton biki za ta koya maka ba, ba kuma aikin jarida ba. Aiki ne na ƙashin kai, wanda mutum zai riƙa yi a hankali har ya tara abin da zai kalla ya ce wannan nawa ne. Kuma duk abin da zan faɗa a kan magana ɗaya ya tsaya: hoto da rubutu da ƙirƙira, kowanne da gonarsa. Hoto ya riƙe abin da ido ya gani. Rubutu ya kawo abin da kyamara ba ta iya ɗauka, wato sauti da ƙamshi da suna da maganar da aka yi a wurin. Ƙirƙira kuwa tana shiga ne inda babu wanda ya gani, babu wanda ya ji. Da zarar ɗaya ya fara noman gonar ɗan'uwansa, aikin ya fara lalacewa.

Mataki na ɗaya: zaɓi abu guda, ƙarami

"Birnin Kano" ya yi faɗi. "Al'adun Hausawa" ya fi shi faɗi, kuma duk wanda ya ɗauko shi a ƙarshe hoton doki da rawani yake kawowa, irin wanda kowa ya gaji da gani. Nemi abin da za ka iya rufewa da tafin hannu: ƙofofin zaurukan unguwarku, teburan masu shayi, rubuce-rubucen bayan a-daidaita-sahu da tireloli, takalman da ake tuɓewa a bakin masallaci, hannuwan masu sana'a. Sharaɗi biyu kawai. Ya zama kana iya isa wurin da ƙafa ba tare da kuɗin mota ba, domin komawa za ka yi ta yi. Ya kuma zama abu ne mai sauyawa da lokaci, ko da kaɗan.

Akwai mai hoto ɗan Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya kama ɗaukar hotunan kitson mata, akasari daga ƙeya ba tare da fuska ba, har ya tara kusan dubu. Abin da mutane ke gani kullum ba su ɗauke shi a bakin komai ba, shi ya zama aikin da aka san shi da shi a duniya, kuma ya zama ma'adanar salon kitson da wasunsu yanzu ba a yi.

Ke da ba ki cika fita ba, batunki yana nan cikin gida, kuma namiji ba zai taɓa samunsa kamar ke ba: jeren kwanuka, madafa da asuba, zanen lalle daga ranar da aka sa shi har ya koɗe, igiyar shanya, tsakar gida a damina. Wanda kuma yake bin fahimtar malaman da suka hana hoton mai rai, babu abin da ya rage masa a wannan aiki. Ƙofa da bango da inuwa da kayan sana'a sun isa a yi shekara ana kansu.

Mataki na biyu: kayan aiki

Wayar da ke hannunka ta isa, Tecno ce ko Infinix ko Samsung. Kada ka jira sai ka sayi babbar kyamara. Amma ka shiga saitin kyamarar ka gyara abubuwa kaɗan. Kunna layukan da ke raba fuskar waya gida tara, suna taimakawa wajen daidaita bango da sararin sama kada hoto ya karkace. Zaɓi girman 4:3, domin a yawancin wayoyi shi ne ke amfani da dukkan idon kyamarar, sauran yanka shi suke yi. Kashe abin nan mai goge fuska ya haskaka fata. Kashe tambarin da ke rubuta sunan wayar a gindin hoto. Duba kwanan wata da agogon wayar su zama daidai, don kowane hoto yana adana lokacin da aka ɗauke shi a cikinsa.

Sai littafin rubutu mai bango mai kauri, wanda zai shiga aljihu ko jaka. Ga yadda za ka raba shi, kuma wannan rabon shi ne ƙashin bayan aikin: shafin hagu na abin da ka gani da abin da ka ji ne, ba ƙari ba ragi. Shafin dama na abin da ka ƙaga ne. Ba a haɗa su, ko da wuri ya ƙare.

Na fi son takarda a kan rubutu cikin waya saboda mutane. In kana tsaye kana danna waya a gaban dattijo, ko dai ya ɗauka ka raina shi kana hira da wani, ko ya yi zaton naɗar muryarsa kake. In ya ga biro kuwa, sai ya rage sauri, har ya ce maka "a'a, ba haka ake faɗa ba, rubuta kaza." Idan an zo juyawa cikin waya daga baya, manhajar madannin rubutu ta Gboard tana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ. Ka yi amfani da su.

Mataki na uku: haske

A nan mafi yawan hotunanmu suke faɗuwa. Ranarmu tana da ƙarfi, daga walaha zuwa bayan azahar tana saman kai, tana zuba baƙar inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin hula, tana ƙona duk wani farin abu. Lokacin fita biyu ne: daga fitowar rana zuwa hantsi, sai daga la'asar sakaliya zuwa kiran magariba. A lokacin haske daga gefe yake zuwa, shi ya sa zanen da ke jikin ginin ƙasa yake tasowa, har sawun yatsun magini ka gani a yaɓen. Je ka kalli bango ɗaya da tsakar rana, ka koma masa da la'asar, za ka rantse ba shi ba ne.

In dole ta sa ka yi aiki da rana tsaka, nemi bakin zaure. Ka tsayar da mutum ko ka ajiye abin da za ka ɗauka daga ciki, taku ɗaya ko biyu daga ƙofa, kai kuma ka tsaya a gefe, ba ka tare hasken ba. Hasken da ke shigowa ta ƙofa mai laushi ne, yana faɗa wa gefe ɗaya, bayan kuma ya yi duhu da kansa ba sai ka rataya komai ba. Rumfar kasuwa da gindin darbejiya ma suna yi, sai dai a gindin bishiya ka kula da ɗigon rana da ke ratsowa ta ganye, yana yi wa fuska dabbare-dabbare.

Farar shadda ita ce babbar matsala. Wayar tana auna hasken ne gaba ɗaya, don haka ko ta ƙona rigar ta zama fari fat ba a ganin aikin wuya, ko ta duhunta fuskar. Maganinsa: taɓa fuskar waya a kan abin da ka fi damuwa da shi, alamar rana za ta fito a gefe, sai ka ja ta ƙasa a hankali har zaren aikin ya bayyana. Hoton da ya ɗan yi duhu ana iya haskaka shi daga baya. Wanda ya ƙone ya tafi ke nan.

Kowane yanayi da nasa. Hazon hunturu yana kashe launi, yana sa abin da ke nesa ya dushe, rana ta zama farin faifai da ake iya kallo. Wasu suna ganin ɓata hoto yake, ni kuwa a ganina babu lokacin da ya fi shi dacewa da mai son ƙirƙira, saboda rabin abin da ke cikin hoton a ɓoye yake. Sai dai ƙura tana kwanciya a idon kyamara, ka riƙa gogewa da tsumma mai laushi kafin kowace ɗauka. Damina kuma bayan an ɗauke ruwa iska takan wanke tas, ga kududdufai suna nuna hasumiya da gajimare a kife.

Kada ka zuƙo da yatsu biyu, hoton fashewa yake. Matsa kusa da ƙafarka. Fitilar kyamara kuma ka bar ta a kashe.

Mataki na huɗu: sallama kafin kyamara

Wayar ta zauna a aljihu har sai an gaisa. A ce marinar Ƙofar Mata da ke Kano ka je, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Ka sami dattijo a bakin ramin rini, ka durƙusa.

"Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki."

"Yauwa, sannu ɗan samari. Rini aka kawo?"

"A'a Baba, kallo na zo, ina ɗan rubuce-rubuce ne a kan sana'o'in hannu. In ba damuwa ina so in ɗauki hoton hannunka kana tsoma zanen, ban da fuska."

"To, ina za ka kai shi?"

Wannan tambayar za a yi maka ita ko'ina, kuma amsar gaskiya ake bayarwa. In za ka sa a intanet, ka ce za ka sa. In aka ce a'a, ka yi godiya, ka ci gaba da hirar in ana so, don shafin hagu ba ya buƙatar kyamara. A wuraren da baƙi suka saba zuwa, irin marinar, ba mamaki a sa ran ɗan abin goro, gara a yi maganarsa tun farko.

Amfanin zaman ya wuce samun izini. Kana zaune za ka ga zanen yana fitowa daga ramin da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka, a sake tsoma shi, a sake ɗagowa. Hoto ɗaya ba ya nuna wannan rikiɗar. Ba ya ɗaukar warin ruwan baba da toka da ya kwana yana tsima, ba ya ɗaukar amon mabuga da ke tashi daga gefe. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma a wannan aikin sai an haɗa su biyun.

Yara sai da yardar iyayensu ko malaminsu. Almajirai kuwa, ina roƙo a sarara musu. An ɗauki hoton yaro da roba a hannu har ya isa, kuma mafi yawan masu ɗauka ko sunan yaron ba su tambaya ba. Barikin soja, shingen jami'an tsaro, ofishin 'yan sanda, banki, filin jirgi: kada ma ka ɗaga waya.

Mataki na biyar: cika shafin hagu kafin ka bar wurin

Ba sai ka isa gida ba. Kafin ka isa, ƙwaƙwalwa ta riga ta gyara labarin ta yi masa kwalliya. Rubuta rana da lokaci da wuri, abin da kunne ya ji, abin da hanci ya shaƙa, sunayen kayan aiki yadda masu su suke kiransu, da maganar da aka faɗa da kalmomin mai ita. Ga misalin yadda shafin zai iya kasancewa:

"Laraba, bayan asuba, sanyi sosai. Teburin mai shayi a bakin tasha. Kofuna 9 a kife a kan faranti, ɗaya a gefe shi kaɗai ba a kife ba, mariƙinsa ya karye an ɗaure da waya. Rediyo na labaran safe. Hayaƙin itace, citta, ƙwai a kasko. Na tambayi kofin, mai shayi ya ce: na wani direba ne, ba ya sha a wani."

Babu "kyakkyawa" a ciki, babu "abin tausayi", babu ra'ayinka. Abin da aka samu kawai.

Mataki na shida: bar su su kwana

Kada ka zaɓi hoto ranar da ka ɗauke shi, daɗin fitar yana rufe ido. Bayan kwana biyu ko uku ka buɗe, ka fitar da uku daga cikin duk abin da ka ɗauko. Wanda ya fi kyau ba lallai shi ne naka ba. Nemi wanda ya bar tambaya: ƙofa a buɗe rabi, kujera ba kowa, takalmi wari ɗaya. Gyara kaɗan ya isa, manhajar gyaran hoto ta Snapseed kyauta ce: daidaita karkata, rage ko ƙara haske, yanke gefen da bai da amfani. In ka fara sauya launin sama, ka wuce gyara.

Mataki na bakwai: shafin dama

Ajiye hoton a gabanka, ka karanta shafin hagu sau ɗaya, sannan ka sa wa kanka minti 15 kana rubutu ba tsayawa ba gogewa. Farar takarda tana da ban tsoro, shi ya sa ake shiga ta wata ƙofa. Ga waɗanda na ga suna buɗewa.

Ta farko, gefen hoton. Kowane hoto yanka ne, akwai abin da ya rage a waje. Wa ke tsaye daga hagu inda hoton ya ƙare? Wa mai kujerar yake jira? Ta biyu ta yi kama da ita, sai dai lokaci take tambaya: me ya faru minti biyar kafin a ɗauka, me zai faru bayan ka tafi?

Ta uku ita na fi so, kuma ba baƙuwa ba ce a wurin wanda ya tashi yana jin tatsuniya, inda Gizo ke magana, kurciya ta yi waƙa, ba wanda ya ce ƙarya ne. Ba wa abin da ke cikin hoton baki. Kofin mai shayin nan, ga abin da zai iya faɗa:

"Ni ba a kife ni. 'Yan'uwana kowa ya zo ya ɗauka, ni baki ɗaya na sani. In ya yi lodin albasa ya nufi kudu, nakan yi kwana shida ƙura na taruwa a cikina, ba mai taɓa ni. Mariƙina ya karye ne ranar da aka bugo masa waya aka ce an sauka lafiya, mace ce. Ya zabura ya ture ni. Shi ya tsince ni da kansa, ya ɗaure ni da wayar birkin keke, ya ce wa mai shayi in aka jefar da ni ya daina zuwa."

Duba abin da ya faru. Daga shafin hagu an ɗauko abu uku tak, rashin kife kofin, da karyayyen mariƙin da aka ɗaure da waya, da direban da ba ya sha a wani kofi. Albasa da haihuwa da wayar birki duk ƙage ne. Kuma ba a ce kofin ja ne ko fari ba, ba a ce yana kan tebur ba, saboda hoton ya riga ya faɗa. Ƙirƙirar da ta kama ƙasa daga abu na gaske take tsirowa, shi ya sa wanda ya yi kasala a shafin hagu yakan zo shafin dama ya rasa abin cewa, sai ya koma wa'azi.

Akwai kirari. Yi wa abin kirari yadda ake yi wa sarki ko ɗan dambe, gajere, mai zuga: "Karyayye mai ubangida, ɗaurin waya ka fi sabo daraja!" Layi biyu irin wannan a ƙarƙashin hoto sun fi sakin layi guda na bayani. Akwai kacici-kacici, inda rubutun zai zo a shafi ɗaya, hoton ya zama amsa a shafi na gaba. Wanda ya san "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" ya san yadda ake yi, sai dai ka ƙagi naka, kada ka ɗauko na gargajiya ka liƙa wa hoton tsintsiya. Akwai kuma wasiƙa, daga wani da ke cikin hoton zuwa wani da ba ya nan, ko daga kai zuwa ga wurin.

In ka gama, ga gwaji. Ɗauki biro ka soke duk kalmar da mai kallo zai iya gani da idonsa a hoton. Sannan ka rufe hoton da hannu ka karanta rubutun da ƙarfi: yana tsayawa da ƙafarsa? Rufe rubutun ka kalli hoton: shi ma yana tsayawa? In ɗaya ya faɗi ba tare da ɗayan ba, raunin a wurinsa yake, a gyara shi ko a sauya shi. Karatu da ƙarfi kuma yana tona jimlar da aka yi tunaninta da wani harshe, harshenka zai yi tuntuɓe a kanta.

Mataki na takwas: shata iyaka tsakanin gaskiya da ƙage

Mai tatsuniya ba ta farawa sai ta ce "ga ta nan ga ta nanku", ba ta tashi sai ta ce "ƙurunƙus". Tsakanin waɗannan biyun kowa ya san a wace duniya yake. Kai ma ka yi wa mai karatu wannan adalcin, domin hoto yana da ƙarfin shaida, duk abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa mutane gaskiya suke ɗaukarsa. Ka sa alama da ba ta sauyawa: kalmar "ƙage" a sama, ko wani salon rubutu daban, ko bayani ɗaya a farkon aikin.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: ba a ɗora ƙagaggen labari a kan fuskar da za a iya ganewa. Ka ɗauki hoton yarinya mai talla, ka ƙaga cewa marainiya ce ko an sako ta, ka sa a Facebook. Kafin magariba ya isa unguwarsu, kuma ita za ta zauna da maganar, ba kai ba. In akwai fuska, rubutun ya fito daga shafin hagu, da kalmomin mai fuskar da yardarsa. Haka Fati Abubakar ta yi da hotunan mutanen Borno da ta fara fitarwa a Instagram a 2015, lokacin da duniya ba ta jin komai daga Maiduguri sai tashin bom: hoton mutum, da ɗan bayani a kan rayuwarsa ta gaske. Ƙage kuwa a bar shi ga kofi da ƙofa da inuwa da bayan mutum daga nesa.

Hoton da manhajar kwamfuta ta ƙirƙira ma haka, in ka sa shi cikin aikinka ka faɗa. Ka kuma tuna hoto yana iya ɗauke da bayanin ainihin inda aka ɗauke shi, in saitin wuri a kunne yake. Na cikin gida a kashe masa wannan.

Mataki na tara: juya hanyar, rubutu ya riga hoto

Bayan ka saba, gwada farawa daga shafin dama. Rubuta layi huɗu ko biyar a kan abin da babu yadda za a yi ka ɗauke shi hoto, sannan ka gina hoton da hannunka.

Masu hoton Afirka sun daɗe da sanin wannan. Seydou Keïta ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, yana aiki da hasken rana a tsakar gida, yana rataya zane mai ado a baya. Yana ajiye da rediyo da agogo da babur da tufafi, wanda ya zo ya zaɓi abin da zai riƙe, ya fito a hoto a matsayin mutumin da yake burin zama. Samuel Fosso kuma, wanda aka haifa a Kamaru a 1962, ya buɗe shagonsa a Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, yana ɗan shekara 13. In ya tashi aiki, ragowar fim ɗin da bai ƙare ba sai ya sauya kaya ya ɗauki kansa. Daga nan ya kai ga yin shigar shahararrun mutane irin su Nelson Mandela da Malcolm X, shi ne mai ɗauka shi ne abin ɗauka.

A ce ka rubuta wani abu a kan kakan kakanka da ake cewa ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, tafiyar da ayari kan yi watanni a kanta. Ba ka da hotonsa, ba ka ma san kamanninsa ba. Rataya tsohon zane a igiyar shanya a inuwa. Ajiye takalmin fata da sanda da gora da 'yan goro a cikin ganye, ka yayyafa wa takalmin ƙura. Ko ka sa babbar riga ka juya baya, ka jingina wayar a kan bulo, ka saita ta ta ɗauka bayan daƙiƙa 10. Kayan da ke ɗakin tsofaffi, akwatin ƙarfe da fitilar ƙwai da tasa da tsohuwar rediyo, duk 'yan wasa ne masu jiran a kira su. A nemi izinin mai ɗakin, a kuma mayar da komai inda aka ɗauko.

Mataki na goma: wanke, jerawa, ɗinkewa

In ka tara kamar 30 da rubutunsu, kai su a wanke maka a ƙaramin girma, inci 4 da 6. Wajen turawa mai wankin, kada ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake ya rage masa inganci. Tura shi a matsayin fayil, ko ka kai a filashi. Wannan girman yana son aƙalla ɗigon hoto (pixel) 1200 da 1800 kafin ya fito tas, kuma kusan kowace wayar yanzu ta wuce haka nesa.

Shimfiɗa su a tabarma ka tsaya a kansu. A nan za ka ga abin da waya ba ta nuna maka: uku daga ciki abu ɗaya suke faɗa, wani da kake ji da shi ba ya jituwa da kowa. Rage su zuwa 12. Wajen jerawa kada ka bi kwanan wata, bi ido: inuwar da ta ƙare a dama a wannan hoton ta ci gaba a na gaba, mai cunkoso ya bi bayan mai sarari. Ba kowane hoto ke son rubutu ba, wani a bar shi shiru. Wani rubutun kuma ya zauna shi kaɗai a shafi ba hoto. In kowane shafi ya zama hoto a sama layi uku a ƙasa, mai karatu zai gaji tun a na biyar.

Takardar A4 guda 4, in aka naɗe su biyu aka saka cikin juna, suna ba da ɗan littafi mai shafi 16. Fara yin na gwaji da farar takarda ka lambata shafukan da fensir, sannan ka warware. Za ka ga shafi na 1 da na 16 a fuska ɗaya suke, na 2 da na 15 a bayansu. Da wannan za ka nuna wa mai shagon kwamfuta yadda zai jera in bugawa za a yi. In kuwa kwafi ɗaya kake so, liƙa hotunan da gam, ka yi rubutun da hannunka, ka huda tsakiya wuri uku ka ɗinke da allura da zare mai kauri.

Nuna wa mutum ɗaya wanda ba ya jin kunyarka. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, zai ce ya yi. Tambaye shi a wane shafi ya fara gajiya, da kuma wane rubutu ya ɗauka gaskiya ne alhali ƙage ne. Wanda ka ɗauki hannunsa ko teburinsa kuma, ka wanke kwafi ɗaya ka kai masa.

Mataki na ƙarshe: ajiya

Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa ba sallama. Duk hoton da ka zaɓa ka sauya masa suna da kwanan wata da batu da lamba, kamar 2025-01-15-shayi-03, ka rubuta wannan lambar a saman shafinsa a littafi, don ko bayan shekaru ka san wane rubutu ne na wane hoto. Ajiye su wuri biyu aƙalla. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma da saƙonnin Gmail ake raba shi, don haka zaɓaɓɓun kawai za ka ɗora, ba duk tarkacen ba. Kwafi na biyu a filashi ko katin ajiya da ba ya zama cikin wayar. Shafukan littafin su ma ka riƙa ɗaukarsu hoto duk ƙarshen wata kana zubawa a folda ɗaya da hotunan, domin yoyon damina da gara ba sa tambayar me aka rubuta a takarda.